Har da Ni Aka Auna Tirelar

Har yanzu in na ji warin roba tana ƙonewa sai in nemi wurin zama. Shekaranjiya wata maƙwabciya ta manta da silifas kusa da murhu, sai kawai na tsinci kaina zaune a ƙasan kicin, wuƙar yanka nama a hannuna, ban san lokacin da na zauna ba. Sati uku ke nan da saukowarmu daga Ɗa'ifa. Shatin yatsun Khala Fauziyya ya ɓace daga wuyan hannuna, amma warin bai bar hancina ba.

Bari in ɗauko shi daga gidan farko.

Safa

Gidan da aka fara kai ni a Jidda yana unguwar Safa, hawa na huɗu. Ejan da ya kawo mu ya ce renon jariri ɗaya zan yi. Na tarar da 'ya'ya biyar, da tsohuwa wadda ba ta iya tashi, da kuma gidan ƙanwar matar gidan a hawa na biyu, shi ma ni ce mai sharewa. Ranar da na isa matar ta karɓi fasfona ta kulle a durowa, ta ce amana ce. Wata bakwai ban taka titi ba sai in zan zubar da shara.

In na samu sarari, tagar kicin nake tsayawa ina sauraron motoci. Ba kallo ba, sauraro. Ni 'yar Potiskum ce, 'yar direban tirela. Babana, Allah ya ji ƙansa, ya fi shekara ashirin yana kai shanu kudu, kuma da yake ni ce babba, mazan duk ƙanana ne, ni nake miƙa masa sifana in ya shiga ƙarƙashin mota. Kafin in gama firamare na iya bambance kukan injin mai lafiya da na mai ciwo. Yana da wata magana da ba ya gajiya da faɗa. Yakan ce, "Shamsiyya, ko jaki ne in kika buge shi zai ja kaya. Mota a tsayawa ake saninta."

Ina aji biyar na sakandare birki ya ƙwace masa a Hawan Kibo. Mutumin da ya kawo mana labari ya ce tun daga nesa ake jin warin birkin kafin a ji ƙarar. Da bai faɗi wannan ba.

Ranar da matar gidan Safa ta watsa mini ruwan shayi a hannu saboda ƙaramin ɗanta ya faɗi, na sauka da ledar shara, na jefa ta a kwandon titi, na ci gaba da tafiya. Rana tsaka, ba fasfo, ba waya, silifas ɗin banɗaki a ƙafata. Wani Bayamane mai gasa burodin tamis ya ga hannuna. Bai tambaye ni komai ba. Ya jiƙa tsumma da ruwan sanyi ya miƙo mini, ya tsaga burodi mai zafi ya ba ni rabi, sannan ya kira wata lamba ya kanga mini wayar a kunne. Muryar mace na ji ta ce, "Ke wace ce? Kina ina? Kar ki motsa daga nan." Wata bakwai rabon da in ji Hausa daga bakin kowa. Na fashe da kuka, Bayamanen ya karɓi wayar ya gaya mata inda muke.

Kafilina, maigidan da ya ɗauki nauyin zamana, ya kai rahoton cewa na gudu. Daga ranar iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu, ni kuma na zama wadda ake nema.

Hindawiyya

Mai muryar ita ce Khala Fauziyya, mazauniyar unguwar Hindawiyya. A Jidda aka haife ta, a nan aka haifi uwarta. Kakanta ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano a ƙafa, bai koma ba. Mace ce mai jiki, mai dariya, in ta fara jumla da Hausa sai ta ƙarasa da Larabci ba ta ma sani ba. Sana'arta tsire, wanda mutanen nan suke ce wa siriya. Tana da tirelar abinci, ɗaki guda na ƙarfe a kan tayoyi huɗu, an ajiye ta a wani fili kusa da teku. Ɗanta Abdul'aziz, wanda kowa ke ce wa Azuz, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shi ke tsayawa a taga yana sallamar masu saye. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ka ga kamar yana tauna tsakuwa.

Yatsun Khala sun fara sanƙarewa, ba ta iya yanka nama siriri kamar da. Ni na karɓi wuƙa da turmi. Ranar farko da na daka ƙuli-ƙuli da yaji, ƙamshin ya tashi, sai na ga tashar Potiskum a gabana, da mai tsiren da Baba ke tsayawa wurinsa in ya dawo daga kudu. Na juya fuskata bango don kar a gani.

Doka ɗaya Khala ta kafa mini. Ta ce, "Ya binti, a waje ba ki da baki. Larabcinki na 'yar aiki ne, Hausarki kuma sabuwa ce fil. Kina buɗe baki an san ke wace ce. Ki sa niƙabinki, ki bi bayana, halas." Na yi wata biyar ina bin bayanta kamar inuwa. In na hango motar 'yan sanda, sai in ƙara matsawa kusa da ita.

Da zafi ya shigo, Jidda ta zama tanda, masu hali suka fara hawa Ɗa'ifa shan iska. Khala ta samu wurin ajiye tirela a can na wata biyu. Ba za ta iya aikin ba sai da ni, ba kuma za ta bar ni ni kaɗai a Hindawiyya ba, don a lokacin ana yawan shigowa kame. Matsalar ita ce shingen bincike a hanya.

Ta ce, "Fuskokin na gaba suke leƙawa. Ba su cika buɗe tirelar abinci ba. A ciki za ki zauna, mu rufe."

Na ce, "Khala, hanyar dutse ce?"

"Dutse kam. Kwana-kwana har sai kin ga gajimare a ƙasanki."

"Me zai ja ta?"

"Azuz zai sayi wanet." Wanet ita ce a-kori-kura a bakin mutanen nan.

Daga wannan rana abinci ya daina wuce mini. Ba hawan nake tunani ba. Duk abin da aka hau da shi, sai an sauko da shi.

Haraj

Azuz ya riga ya zaɓi motarsa tun a waya. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, kujerun fata, da allo a gaba kamar talabijin. Mai shan fetur ce, irin wadda samari ke yawo da ita bakin teku. Na roƙi Khala har ta yarda in bi su haraj, kasuwar motoci, da sharaɗin ba ni da baki.

Dillalin wani siriri ne mai farar jallabiya da carbi mai tsada. Ya bugi ƙeyar motar da tafin hannu ya ce tana jan tan uku ba ta ko tari. Azuz ya zaro takardar tirela, ya nuna wa uwarsa inda aka rubuta tan biyu.

"Kin gani, Umma? Tan biyu. Har da ragowar tan guda. Wallah an gama."

Wannan takardar ta ranar da aka ƙera tirelar ce, tana fanko. Bayan nan an yi mata waldar magashin ƙarfe mai kauri. An sa firiza biyu. An sa janareta, da tankin ruwa, da tukwanen gas huɗu. In za mu tafi za a ƙara buhunan gawayi, da nama, da turmi da taɓarya. Azuz bai taɓa ɗaga ko ɗaya ba. Ni ce na san nauyinsu, a bayana na san shi.

Na mintsini Khala, na raɗa mata a kunne. Ta maimaita wa Azuz. Ya juyo ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Umma, yaushe mai yanka nama ta zama muhandisa, injiniya guda? Ta bar mu mu yi maganar maza, Allah ya yarda da ke."

Ashe raɗata ta fi ƙarfin yadda na zata. Dillalin ya matso yana murmushi, ya saki Larabci ya kama Hausa tsaf.

"'Yar'uwa, daga wane gari? Wannan Hausar taki ba ta sha ruwan Jidda ba." Ya ja carbinsa, ya ɗan karkata kai wajen ƙofar haraj, inda wata motar 'yan sanda ke tsaye. "Mu a nan ba ma son yawan tambaya. Kowa ya riƙe tasa tambayar, sai a rabu lafiya. Ko ba haka ba?"

Ban taɓa jin sanyi irin wannan a cikin rana ba. Na ga kaina a bayan waccan motar, na ga ɗakin tsare mutane da ake ba da labari, na ga uwata a Potiskum tana jiran waya. Azuz ya miƙa hannu zai kama na dillali a ƙulla ciniki.

Sai na dubi tayar baya ta baƙar motar. Ƙwaya ɗaya kowane gefe, siririya. Na dubi ƙugiyar da za a rataya tirela, an ɗaure ta a jikin bamba kamar ado. Warin da mai labarin rasuwar Baba ya kawo mana gida ya taso mini a hanci, alhali ba abin da ke ƙonewa.

Na ce, da muryar da ni kaina ban gane ba, "Khala, a auna ta tukuna. Don girman Allah. Kin san abin da zai kasance a ciki."

Khala ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta kama hannun Azuz ta mayar masa da shi gefensa, ta juya wajen dillali, ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Tsaya. Kai ba jikan mai kokon bayan masallaci ba ne? Ai ni na san kakarka. A ƙarƙashin buhunan gero ta tsallako teku, ita da bakinta ta gaya mini. Yau kai ne mai nuna wa 'ya'yan mutane motar hukuma da haɓa? Aib alaik, ka ji kunya. Yalla, Azuz, mu tafi."

Har muka fita daga haraj ban waiwaya ba. Ina jin idonsa a tsakiyar bayana.

Madain Fahd

Khala ta san wani tsohon makanike a unguwar Madain Fahd, Baba Haruna, mutumin Damagaram, ya yi shekara talatin da wani abu a nan. Shi ya ja tirelar da motar garejinsa zuwa wani filin tsofaffin ƙarafa inda suke da mizanin da mota ke hawa. Ya ce a cika tanki, a loda gawayi, a sa komai.

"Duk abin da zai hau dutse ya shiga," in ji shi. Ya dube ni, ya dubi Khala. Ya gane har da ni a cikin kayan.

Na shiga. Azuz ya turo ƙofa, na ji sakata ta faɗa daga waje. Duhu, sai ɗan haske daga ramin hayaƙi a sama. Minti biyu kacal, amma kafin su buɗe rigata ta jiƙe sharkaf.

Mizani ya nuna tan uku da rabi, har da ɗoriya.

Baba Haruna ya tofar da asuwakinsa. "Baƙar can da ka gani za ta hau da ita. Tana kuka, amma za ta hau. A saukowa kuwa, ɗana, tirela ce za ta zama direba, kai sai dai ka riƙe sitiyari kana kallo. Wa ya ce a auna?"

Azuz ya nuna ni da baki.

"'Yar wa ce ke?"

"'Yar direban tirela, Baba. Daga Potiskum."

"Yana nan?"

"Hawan Kibo."

Ya cire hularsa ya mayar. "Allah ya ji ƙansa. To 'yata, da ke aka aika haraj, me za ki duba?"

Rabon da wani ya tambaye ni abin da na sani tun ina makaranta. Na ce mai shan dizal, wanda mu a gida muke ce wa gas. Na ce ita kanta ta zama mai nauyi, don ƙaramin yaro ba ya riƙe igiyar bijimi a gangara. Tayoyi huɗu a baya. Ƙugiya a jikin shasi, ba a bamba ba, da sarƙa biyu. Kar a ji ta bakin dillali, a buɗe ƙofar direba a karanta ɗan ƙarfen da aka lika, nan ne gaskiyar nauyin da take ɗauka. A ga tana da wayar da ke kama birkin tirela. Sannan babban abu, birkin inji, wanda in an danna shi injin ke riƙe motar da kansa, ƙafa ta huta.

Baba Haruna ya yi dariya har haƙorinsa na azurfa ya fito. "Azuz, ka ji? Kyauta aka ba ka wannan karatun."

Akwai wani abokin hulɗarsa da ke son sayar da irinta. Fara ce, ta sha duniya, gefenta ya loma, a da raƙuma take ja, kuma har yanzu warinsu na cikin kujeru. Azuz ya zagaya ta yana toshe hanci.

"Ya Ammi, wallah abokaina za su kashe ni da dariya. Wannan ai motar mutanen daji ce."

"Masu dariyar za su zo ta'aziyya ma, kar ka damu," in ji Baba Haruna.

Aka rataya mata tirela cike. Gindinta ko ɗan zama bai yi ba, hancinta bai ɗaga ba. Na karanta ƙarfen ƙofa da idona: da sauran wurin kusan tan guda. Ita aka saya. Baba Haruna ya zauna kusa da Azuz yana nuna masa maɓallin birkin inji, yana ce masa ya sauke giya tun daga sama kafin kwanar farko, kar ya kwantar da ƙafa a kan birki. Azuz yana gyaɗa kai, yana "ɗayyib, ɗayyib," idonsa a kan waya. Ni kaɗai na lura.

Ɗa'ifa

Hawan bai yi wuya ba. Awa uku da wani abu a cikin duhu, ina zaune kan buhun gawayi, ina jin kunnuwana suna toshewa. A shingen bincike mun tsaya, na ji muryoyi, na danne bakina da mayafi, muka wuce. Da aka buɗe ni Azuz yana ta murna. "Ko ji ba ta yi ba, Umma! Kamar ba na jan komai!"

Ɗa'ifa gari ne mai sanyi, ga rumman, ga ƙamshin wardi. Ciniki ya yi kyau. Amma daga inda aka ajiye mu ana hango hanyar da muka hawo, tana lanƙwasa a jikin dutse kamar igiyar da aka yar. Wata biyu ina yanka nama ina kallonta.

Gangara

Ranar saukowa mun shirya da hantsi. Ni na ɗaure komai da hannuna. Masu nauyi na kai su gaba da saitin tayoyi. Tankin ruwa na juye shi tas, don babana yakan ce ko a cika ko a juye, rabin tanki shi ne mugu, a kwana yake tura mota.

Na je wajen tagar Azuz. "Yaya Azuz, maɓallin. Da giya tun daga sama."

"Halas, ya muhandisa, halas. Na ji." Ya cusa abin sauraron waƙa a kunne ɗaya.

Na koma ƙofar tirela, na ɗora ƙafa ɗaya a matakala, ɗayar ta ƙi tashi. Wallahi ba ni na hana ta ba. Na tsaya a haka, hannuna a ƙarfen ƙofa.

Khala tana tsaye tana kallonmu, ni da ɗanta. Sai ta tattare abayarta ta ce, "Matsa."

Ta hau, da nishi da salati, ta zauna a kan buhun gawayi. Azuz ya diro daga mota.

"Umma! Me ke nan? Fito, don Allah!"

"Ka ce ka ji. To ga uwarka a baya. Yalla, kulle mu."

"Umma, ba a auna da ke ba!"

"An ce da sauran wurin tan guda. Ban kai tan ba tukuna, mara kunya. Kulle."

Ta miƙo mini hannu. Ƙafar tawa ta tashi. Kafin ƙofa ta rufe na ga Azuz ya cire abin kunnensa ya sa a aljihu.

Kwanonin farko lafiya lau. Ina jin injin yana gurnani mai zurfi, irin wanda nake so, tirela tana bin sa a hankali kamar saniyar da ta san hanya. Khala har tana ba ni labarin aurenta a cikin duhu. Daga nan hanya ta miƙe, ta yi kamar ta daidaita. Na ji gurnanin ya ɗauke. Giya ta hau, ta sake hawa. Azuz ya zaci an gama.

Ba a gama ba. Ƙasa ta sake karkacewa a ƙarƙashinmu, fiye da ta farko. Turmi ya ja igiyarsa. Ba gurnani, sai wani siririn kuka daga tayoyin da muke zaune a kai. Ƙafarsa ce a kan birki, ya kwantar da ita bai ɗauke ba. Kwana ɗaya. Biyu. Uku.

Sai warin ya shigo.

Ban iya kwatanta shi ba. Shekara shida ina jin sa a mafarki, yau ga shi a cikin ɗakin da aka kulle ni daga waje. Kukan tayoyinmu ya canja, sannan ya ɗauke gaba ɗaya: birkin tirela ya ƙone. Na ji duk nauyin da na loda da hannuna ya tafi gaba ya daki ƙugiya, gaf. Ya ja baya, ya sake duka, gaf. Gindin tirela ya fara rawa. Khala ta damƙe wuyan hannuna, ta bar Hausa ta bar labari, sai kalmar shahada.

Wayarta ta yi ƙara a cinyarta. Muryar Azuz ta fito kamar ta wani daban. "Umma! Birki ya yi laushi! Umma, ba ya kamawa!"

Ban san lokacin da na fizge wayar ba.

"Yaya Azuz, ni ce. Maɓallin yana kunne?"

"Na kashe! Na kashe shi a can sama!"

"Danna shi. Yanzu ka taka birki da duk ƙarfinka, sau ɗaya. Ɗaya, biyu, uku. Sauke giya. Ɗauke ƙafarka."

"In ɗauke? Kin haukace? Ga kwana!"

"Ɗauke! In ba ka ɗauke ba naka ma zai ƙone, uwarka tana nan!"

Daƙiƙa nawa suka wuce, Allah kaɗai ya sani. Sannan injin ya yi wata irin ƙara, ruri, kamar zai tsage gida biyu. Muka faɗa gaba, ni da Khala da buhunan gawayi. Ƙugiya ta yi ƙara ta riƙe. Rawar gindin ta ragu.

"Sake. Taka, ƙirga uku, sauke wata, ɗauke."

Yana kuka yana ƙirgawa da Larabci, ina ƙirgawa da Hausa. Tirela tana turawa, farar motar tana ƙin tafiya. Na ji tayoyinta huɗu na baya sun dafe kwalta a cikin kwanar, na ji nauyinta yana gardama da namu. A hankali, a hankali, har na fara jin tsakuwa a ƙarƙashinmu. Muka tsaya.

Da ya buɗe ƙofa, haske ya kashe mini ido. Wani ɗan fili ne a gefen hanya, bayan katangar kankare kuma ba komai sai sarari, ƙasa can nesa. Birai a kan katangar suna kallonmu. Hayaƙi yana fita daga tayoyin tirela duka huɗu. Motoci biyu sun tsaya, mutane sun fito. Azuz ya rungume uwarsa, ya sake ta, ya ruga ya ɗauko jarkar ruwa zai sheƙa wa tayoyin.

"Kar ka zuba!"

Dutsen ya dawo mini da muryata. Niƙabina yana can cikin gawayi, fuskata a buɗe, baƙi ƙirin, ina tsakiyar mutane ina ihu da sabuwar Hausata da Larabcina na 'yar aiki, cewa ƙarfen zai tsage, a bar shi ya huce da kansa, a kawo duwatsu a tare tayoyi. Kowa ya juyo. Wani dattijo Balarabe ya dube ni, sai kawai ya sunkuya ya ɗauko dutse.

Azuz ya ajiye jarkar. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da lomammen gefen motar raƙuman. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Muhandisa, yaushe za mu tashi?"

"Sai na iya ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen taya."

Mun fi awa muna jira. Dattijon ya bar mana rumman uku kafin ya tafi. Khala ta fasa ɗaya, ta kasa ci, ta riƙe shi kawai.

Da ƙarfen ya huce, Azuz ya je ya buɗe ƙofar tirela ya tsaya yana jira. Da sauran gangara kaɗan, sannan shingen bincike a ƙasa. Na dubi duhun ciki. Na dubi kujerar gaba, inda ake leƙa fuskoki.

Na ce, "Khala, gaba zan zauna. In za a kama ni, a kama ni da raina."

Ba ta yi musu ba. Ta jiƙa gefen mayafinta ta goge mini gawayin fuska, kamar yadda ake yi wa yaro ranar sallah, ta sa ni a tsakiya.

A giya ta biyu muka ƙarasa, motoci suna ta yi mana oda a baya, Azuz bai ko dubi madubi ba. A shingen, jami'in ya leƙo. Ya dubi Azuz, ya dubi Khala, idonsa ya tsaya a kaina. Khala ta fara yi masa mitar zafi da ciwon gwiwa. Ya ɗaga hannu muka wuce. Ban san ko gobe zai ɗaga ba.

Sai da muka shiga Jidda, na fara jin iskar teku, Azuz ya ce a hankali, da Hausarsa mai tsakuwa, "Shamsiyya, kina iya ɗauke hannunki yanzu."

Na duba. Ashe tun daga kan dutse yatsana yana kan maɓallin.